Fida Ta Goma Sha Biyu

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba," ga shi nan, ku sarara min haka. Ke kuma da kika rubuto kina cewa Auta ta cika sanyin jiki, karanta na yau tukuna ki dawo mu yi magana. Masu jego, ku ajiye abin da ke hannunku ku karanta a nitse.

*

Fida goma sha ɗaya ce jere a kan tagar ɗakin Auta, kuma babu ko ɗaya da jaririnta Tsito ya taɓa shan rabinta.

Akwai doguwa, akwai gajera mai faɗin baki, akwai ta gilashi, akwai mai lanƙwasasshen wuya da ta zo da takardarta a cikin kwali. Duk mijinta ne ya sayo su. Injiniya, kamar yadda 'yan layi ke kiransa saboda yana gyaran firij, mutum ne da ko sabulu ba ya sayowa sai an tuna masa sau uku. Amma tun da aka haifi yaron nan, ba a yin kwana huɗu bai shigo da sabuwar fida a leda ba.

Kwanan Tsito talatin da takwas a duniya, kuma kullum ramewa yake yi. Nono ya ƙi kamuwa a bakinsa. In an tatsa an zuba a fida, sai ya yi ta ja har goshinsa ya jiƙe da gumi, madarar tana nan inda take. Ya gaji ya yi barci da yunwa, ya farka da kukan da ko ƙofar ɗaki ba ya kaiwa.

Da safen nan ma haka aka yi.

Inna, mahaifiyar Auta, wadda ta tattaro keken ɗinkinta ta dawo gidan tun ranar da aka sallamo su daga asibiti, ta ɗago kai daga kan keken ta kalli 'yarta ta saman tabarau.

"Ni fa na gaya miki, ƙofar robar nan ce ta yi ƙanƙanta. Ba ni allura da ashana, minti ɗaya ya ishe ni."

"Inna ki bari. A takardar an rubuta kada a taɓa."

"Takarda ce ta raine ku, ku bakwai?"

Auta ta goya yaron, ta jefa fida ɗaya mai sauran madara a jaka, ta ce bari yau ita ma ta je ta zaɓo da hannunta, ko Allah zai sa a dace.

*

Shagon Sista yana ƙarshen layin masu sayar da kayan jarirai. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kuma har yau ba ta daina yi wa mutane tsawa kamar suna kan layin awo ba. Mata da yawa na tsallake shagonta saboda tambayoyinta sun yi yawa.

Auta ta tsaya gaban kanta tana bin fidoji da ido. Wannan akwai ta a gida. Waccan ma akwai ta. Ta miƙa hannu kan wata mai ruwan ganye.

"Ta nawa ke nan za ki saya?"

Auta ta juyo. "Na'am?"

"Na ga kina kallonsu kamar duk kin san su. Nawa gare ki a gida?"

"Goma sha ɗaya."

Sista ta ajiye biron da ke hannunta.

"Shago za ki buɗe?"

"Ba ya sha ne, Sista. Kowacce aka kawo, ba ya sha."

"Sauke min shi."

Ta kwance goyon. Da Sista ta karɓi yaron, sai fuskarta ta canza. Ta ɗora shi a kan sikelin da ke gefen kanta, ta duba, ta sake dubawa.

"Nawa aka haife shi?"

"Kilo uku da ɗigo ɗaya."

"Yau biyu da ɗigo shida ne." Ta shafa tsakar kansa da ɗan yatsa, wurin ya ɗan faɗa ciki. "Sau nawa yake jiƙa nafkin a rana?"

"Biyu. Wani lokaci uku."

"Zauna ki ba shi a gabana in gani."

Auta ta zauna kan benci, ta sa masa fidar. Tsito ya cafke da sauri irin na mai yunwa. Ƙyat, ƙyat, ƙyat, bakinsa ke yi. Can sai wani farin ɗigo ya gangaro ta hancinsa na hagu. Auta ta yi maza ta goge da gefen mayafi, kamar mai ɓoye laifi.

"Tsaya. Kullum haka yake yi?"

"Kullum. Sun ce ban iya riƙe shi ba ne."

"Su wa?"

"Kowa."

Sista ta shiga ciki ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ta dawo da ƙaramin cokali, ta kunna fitilar wayarta. Ta zare fidar daga bakin yaron, ta jira ya wage baki da kuka, sannan ta danne harshensa da bayan cokalin ta haska.

Ta daɗe tana kallo.

"Zo nan, 'yata. Sunkuyo. Kada ki kalli harshe, kalli sama, can ciki."

Auta ta sunkuya.

Daga gaba, rufin bakin lafiya lau yake, ja mai santsi. Amma can baya, inda ido ba ya kaiwa sai da fitila, naman ya rabu biyu. Wata tsaga ce doguwa mai duhu, ta tafi har maƙogwaro.

Ta koma kan bencin daɓas.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Me ya yanke shi? Ni ce? Robar ce ta yanke shi?"

"Babu abin da ya yanke shi. Haka aka haife shi. Ganɗarsa ce ba ta gama haɗewa ba tun yana ciki. Leɓensa lafiya, shi ya sa ba wanda ya lura." Sista ta kashe fitilar. "Kin taɓa shan lemo da tsinken roba da ya fashe a gefe? Ki ja, ki ja, iska kawai ke zuwa. To haka yaron nan yake fama tun ranar da ya zo duniya. Ko fida ɗari kika jera masa irin waɗannan, ba zai iya ja ba."

"To ba nonona ba ne?"

"Wa ya ce nononki ne?"

Nan ne hawayen suka ɓalle. Kwana talatin da takwas tana haɗiye su a bayan gida, yau ga su a gaban kanta, a gaban matar da ba ta ma sani ba.

Sista ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Ya isa. Yanzu buɗe kunnenki. Ana gyara wannan, ana ɗinke shi in ya yi ƙwari, ya girma ya yi surutu har ya ishe ki. Amma sai ya rayu ya kai lokacin. Akwai fida ta musamman mai taushi, ke ce za ki riƙa matsa masa a hankali yana haɗiya. Ba ni da ita a nan, a sashen yara na babban asibiti ake samu, su koya miki. Yau za ki kai shi. Ban ce gobe ba."

"To."

"Kafin ki isa, cokali kawai, ɗigo-ɗigo, yana zaune a miƙe. Abu biyu kuma kada ki kuskura. Kada a ba shi a kwance. Kada wani ya ce zai faɗaɗa ƙofar roba don ta yi gudu. Madarar za ta kwararo fiye da abin da zai iya haɗiya, ta bi hanyar iska ta sauka a huhu. Na ga yaran da aka kawo mana haka, ba na son in sake gani."

Auta ta gyaɗa kai tana share fuska.

"Wai a asibiti ba su gaya miki ba?"

"Jijjiga na yi, aka yi min aiki. Kwana biyu ban san inda nake ba."

"Wa ya karɓi takardun sallama?"

"Babansa."

Sista ta ɗauki bironta ta juya shi, ta sake ajiyewa.

"Irin wannan yakan wuce wa likita, ban ce ba ya faruwa ba. Amma ki je ki duba takardun nan. Da su za ki tafi."

Auta ta kalli fidojin da ke jere a kanta. Sai ta tuna yadda Injiniya ke ajiye kowace sabuwar leda a bakin gado ba tare da ya kalle ta ba, da yadda yake ficewa tsakar gida duk lokacin da za ta gwada. Wani zargi ya ɗarsu a ranta.

*

Ta zazzage durowa, ta ɗaga katifa, ta juye akwatin kayan jariri a tsakar ɗaki. Katin rigakafi kawai ta samu.

Inna ta leƙo, tef ɗin awo rataye a wuyanta. "Me ya ɓata?"

"Takardun sallama na asibiti."

"Ai Injiniya ya tafi da su shago tun makon farko. Ya ce kada su ɓace a hidimar jego. Lafiya? Me ya sami idonki?"

Auta ta buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshe.

Sai idonta ya sauka kan ledar magungunan hawan jini da ke kan keken ɗinki, da hannun tsohuwar da ke ɗan karkarwa tun rasuwar mijinta, Baba, bara. Inna ce ta zube a barandar asibiti ranar da aka shiga da Auta ɗakin tiyata, sai da aka ba ta gado ita ma. A ce mata jikanta na da tsaga a baki, haka a tsaye, ba shiri?

A'a. Bari ta karɓo takardar tukuna, ta dawo ta zaunar da ita ta gaya mata a hankali.

"Ba komai, Inna. Rana ce ta dake ni."

"Kin samo fidar?"

"Ban samu ba. Riƙe min shi, yanzu zan dawo. Shagon Babansa kawai zan leƙa, minti goma. Kada ki ba shi komai sai na dawo."

"Yaro na kukan yunwa ki ce kada a ba shi komai?"

"Inna, don Allah. Sai na dawo."

Ta kwance goyon ta miƙa mata, don shagon Injiniya cike yake da warin gas da hayaƙin dalma, ba wurin shiga da jariri ba ne. Ta ajiye jakar a kan kujera, fidar tana ciki da sauran madararta, ta fice ko takalmi ba ta gama sawa ba.

*

Shagon yana tsallaken titi, bayan gidan mai. Matattun firij sun cika shi har bakin ƙofa, wasu an cire musu ƙofa, wasu an juya bayansu waje, wayoyi na reto. Injiniya na tsugune bayan wata babbar firiza, abin walda a hannunsa.

A kan teburin aikinsa, tsakanin sukundireba da kwalbar mai, ga wata sabuwar leda. Bakin kwalin ya leƙo. Fida ce.

Ya ɗago ya gan ta, ya kashe wutar.

"Lafiya? Ina Tsito?"

"Ina takardun asibiti?"

"Waɗanne takardu?"

"Baban Tsito, kalle ni."

Bai kalle ta ba. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannu, yatsa bayan yatsa.

"Kin ga, na samo wata yau. Mai shagon ya ce wannan tana da wata 'yar ƙofar iska a gindi, duk yaron da ya ƙi..."

"Na leƙa bakinsa."

Tsumman ya tsaya.

"Da fitila. Na gani da idona." Muryarta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Abu ɗaya nake so ka gaya min. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Wata tsohuwar firij a lungu ta tashi da gurnani, ta yi ta yi, ta mutu.

"Ka sani ko ba ka sani ba!"

Ya tashi a hankali kamar wanda ya kwana yana dako. Ya jawo akwatin kayan aikinsa na ƙarfe, ya kwashe sifanu da filaya, ya ɗaga kwalin da ke shimfiɗe a ƙasa. Ga ambulan nan mai ruwan ƙasa, a naɗe cikin leda, da shatin babban yatsansa na baƙin mai a gefe.

Auta ta ƙura wa ambulan ɗin ido. Duk hanyar nan da ta tsallako, a ranta roƙo take Allah Ya sa Sista ta yi kuskure, Ya sa mijinta ya zaro ido ya ce wace tsaga. Ta so a ce shi ma bai sani ba, su yi kukan tare.

"Tun yaushe?"

"Ranar da aka haife shi. Likitan yara ya kira ni ofis."

"Kwana talatin da takwas."

"Ki saurare ni..."

"Kwana talatin da takwas kana kwana kusa da ni."

"Kina kwance ba ki san wanda ke kanki ba! Jininki ya haura ɗari biyu. Sun ce ko ƙarar ƙofa kada a bari ki ji. In zo in ce miki me? Shekara shida muna jira, ciki biyu sun zube, na uku ya zo, in ce miki ga shi da..." Ya kasa ƙarasawa. "Likitan ya ce aiki za a yi masa, amma sai ya kai wata tara. Na ce to tunda sai wata tara, me zai sa in ɗora miki tun yanzu? In kin warware, in kin yi ƙarfi, sai in gaya miki."

"Na warware tun yaushe?"

"Kullum ina cewa gobe."

Ta fizge ambulan ɗin. Bakinsa a manne yake, yadda aka ba shi. Ta ɗago ta kalle shi.

"Ba ka ma buɗe ba?"

"Na san abin da ke ciki."

Ta yage shi. Takarda biyu ce. Ta farko ta likitan tiyata ce, da kwanan wata can gaba. Ta biyu gajera ce, an ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashin rubutun. Ta karanta a fili, kalma bayan kalma, muryarta na tsinkewa.

"A kawo jariri sashen koyar da shayarwa cikin kwana uku da sallama. Ba zai iya shan nono ko fida ta yau da kullum ba. A karɓi fida ta musamman a ɗaki na huɗu."

Ta juya masa takardar.

"Kwana uku, Baban Tsito. Ɗaki na huɗu. Tana can tana jiransa tun yana ɗan kwana biyar."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya karanta, leɓensa na motsi. Ya sake karantawa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa, cikin mai da guntayen waya.

"Wallahi ban ji wannan ba. Ya yi magana da yawa, na san ya yi. Amma daga inda ya ce tiyata, kunnena ya toshe. Ina ganin bakinsa na motsi kawai."

"Da ka ga ba ya sha fa? Da ka ga yana ƙarewa?"

"Shi ya sa nake sayowa." Ya nuna ledar kan tebur. "A aikinmu, in inji ya ƙi ja, roba ake canza masa. Wannan ba ta zauna ba, ka gwada waccan, har ka dace da wadda ta yi daidai. Na ce cikin duk fidojin garin nan dole akwai wadda za ta zauna masa. In na dace, ya sha, ya yi ƙiba, kin ga ba sai kin sani ba har lokacin aikin."

"Ɗana ba firij ba ne."

"Na sani."

"Ba ka sani ba!" Yanzu kam muryar ta fashe. "Yayarka ta zo gidana ta ce nonona ruwa ne, ta ce irinmu ba ma iya raino. Kana zaune a wurin. Kana cin abinci! Ka ɗago kai? Ka ce mata Yaya ki bari, ba laifinta ba ne? Ka ci gaba da cin abincinka!"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka san abin da nake yi in na shiga wanka? Tsayawa nake ina kallon ƙirjina ina tsine masa. Na tatsa har jini ya fito. Na ce Allah Ya ba ni ɗa bayan shekara shida, ni kuma na kasa ciyar da shi. Akwai ranar da na roƙi Allah Ya ɗauke ni Ya ba shi uwar kirki. Kana cikin gidan. Amsar tana nan ƙarƙashin sifanunka."

"Tsoro na ji, Auta."

"Ni fa? Daɗi nake ji?"

"Na ɗauka ina kare ki ne."

"Ka kare ni, ka bar shi da yunwa. Kilo biyu da ɗigo shida. Ya fi ranar da aka haife shi ƙanƙanta."

Kuka ya ƙwace masa, irin kukan manyan maza mai fita da ƙyar kamar tari. Da jiya ne, da ta durƙusa ta riƙe shi. Yau kallonsa kawai ta yi, ba ta ji komai ba sai gajiya. Ta ɗauki ledar kan teburin, ta zaro kwalin fida ta goma sha biyu, ta dube shi gaba da baya, ta ajiye masa a cinya.

"Riƙe abarka. Tashi ka rufe shago ka nemo mota. Maganata da kai sai yaro ya sha ya ƙoshi, in ma akwai sauran magana."

Ya miƙe yana share fuska da tsumman mai, ya bar baƙin shati a kumatu. Ya laluba makulli a aljihu.

"Yana ina yanzu?"

"Wurin Inna."

"Kin gaya mata?"

Auta ta kau da kai.

"Auta, kin gaya wa Inna?"

"Jininta ba ya son tashin hankali. Na ce in na dawo, in ta zauna, sai in gaya mata a hank..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ji maganar a kunnenta, ta gane ta. Yanzun nan ta gama jin irinta daga bakin mutumin da ke tsaye a gabanta.

Ta ɗaga kai ta kalli agogon bangon shagon. Minti goma ta ce wa Inna. An yi arba'in da biyar.

Jakar. Ta bar jakar a kan kujera.

Wayarta ta ɗauki ƙara a hannunta. Inna ce.

Ta danna ta kara a kunne.

"Auta! Albishirinki!" Muryar tsohuwar cike da murna, rabon da Auta ta ji ta haka tun Baba na da rai. "Ɗan naki ya shanye fida tas! Tas, ko ɗigo bai bari ba!"

"Inna... me kika yi?"

"Abin da nake gaya miki tun makon jiya mana. Kina fita ya dasa kuka har muryarsa ta dushe, na ce ni kam ba zan zauna ina kallo ba. Na gasa allura na huda, na ga ba ta isa ba, sai na sa ɗan almakashina na ɗan tsaga bakin. Na kwantar da shi a cinya, kafin ki ce me, ta wuce. Duk kuɗin da yaron nan Injiniya ya zubar, ashe aikin minti ɗaya ne."

Injiniya ya matso, yana kallon fuskarta.

"Ya yi tari?"

"Ya ɗan yi, ta fito ta hanci, na goge masa. Ai rashin sabo ne. Yanzu ya yi lamo abinsa, ko motsi ba ya yi. Sai ɗan ƙurr-ƙurr da ƙirjinsa ke yi, irin na ƙoshi."

Auta ta riga ta kai bakin ƙofa. Takalmi ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba. Mota ta taka birki a gabanta, direban na zagi, ba ta ji ba.

"Inna, ɗaga shi! Ɗaga shi zaune yanzu! Kai shi bakin taga ki kalli leɓensa!"

"Leɓensa kuma? Barci fa yake..."

"Ki kalla, Inna! Wane launi ne?"

Ta ji ƙarar kujera. Ta ji takun tsohuwar a kan siminti, ta ji an ja labule, ta ji wata fida ta faɗo daga kan taga ta gangara.

Shiru.

"Tsito," in ji Inna, can nesa da wayar. "Kai, Tsito. Ɗan albarka, buɗe ido."

Shiru.

Da muryar ta dawo kan wayar, murnar ta tafi, ta koma ƙarama kamar ta yarinya.

"Auta... akwai abin da ba ki gaya min ba ne?"